Baƙin Mayafi

Tayyiba ta jawo hoton Alhaji Bahago kan allon kwamfutar shagonta, shi kuma ya gyara zama a benci har kafaɗarsa na gogar tebur. Dillalin babura ne a Ƙofar Jatau, yana neman shugabancin ƙungiyarsu, fosta yake so. A ƙofar zaurensa aka ɗauki hoton, ya sha farar riga, bayansa duhu ƙirin.

"Ki cire bayan nan, 'yata, ki sa mini dutsen Kufena. Amma kada ki aske mini gemu."

Ta yi dariya. Tayyiba dai in kana son ganin bakinta ya buɗe, taɓo mata aikinta. "Ai ba almakashi nake sa wa ba, Alhaji. Daga hoton kansa nake fitar da mas, ni mayafi nake ce masa. Inda na shafa baƙi ya rufe, inda na shafa fari ya buɗe. Ba abin da ke gogewa, komai yana nan a ƙasa."

"Ikon Allah," ya ce, idonsa na kan waya.

Ta kwafi hoton, ta zare masa launi. Gemun ya saje da duhun zaure, dole ta ƙara haske don gashin ya rabu da bango. Tana ja, duhun yana dushewa. Garu ya fito, tabarma a jingine ta fito. Can lungu sai ga tankin babur, a jikinsa sitika: ADDU'AR INNA.

Ita ta zana sitikar nan. Ita ta manna wa yayanta Muntasir, a karkace, har ya yi ta yi mata tsiya wai gwanar gyaran hoto ta kasa saita takarda. Tun bayan ƙaramar salla ya ɗauki fasinja da babur ɗin bai dawo ba. An je asibiti, an je wurin 'yan sanda, an yi saukar Alƙur'ani. Inna har yau tana rufe masa tuwo a kwano.

Tsoro ya kama ta. Ta yi maza ta mayar da hasken yadda yake, zauren ya koma duhunsa.

"Yaushe aka ɗauki hoton nan, Alhaji?"

"Shekaranjiya. Me ya faru?"

"Ya fita ne sosai."

Ta lulluɓe bayan da baƙi, ta shigo da dutsen. Gemu ya fito tas, ko sili ɗaya bai ɓata ba. Alhaji ya leƙo, ya shafa nasa na gaske, ya ji daɗi.

"Madalla. To goge wancan na asalin da na turo miki. Ba na son hoton gidana yana yawo."

Ta goge a gabansa. Ya miƙe, ya zura takalmi, ya ce ta gai da Inna, Allah ya bayyana yaron nan. Ta ce amin, muryarta kamar ta aro.

Yana ɗaga labule ta buɗe saƙo zuwa ga Kawu Shehu, ƙanin mahaifinsu, wanda ke ta faɗi-tashin neman Muntasir. Ta ɗora fayil ɗin aikin ɗungurungum, da hoton da ke kwance ƙarƙashin mayafi, ta danna. Fayil mai nauyi, netiwok ɗin cikin ganuwa kuwa kowa ya san halinsa. Layin da ke nuna tafiyar saƙon ya fara rarrafe.

Takun takalmin ya yi nisa a lungu. Sai ya tsaya.

Baki shi ke yanka wuya. Tayyiba ta tuna nata tun kafin labulen ya motsa.

Alhaji Bahago ya shigo ba sallama. Ya janyo ƙyauren da hannun hagu ya tura, ya koma kan benci ya zauna a natse.

"'Yata, ɗazu me kika ce? Ba abin da ke gogewa?"

Ta juya kujera ta fuskance shi, ta tare allon da bayanta. Layin bai kai rabi ba.

"Bari in yi maka bayani tun daga farko, Alhaji," ta ce. "Abin yana da tsawo."