Kwalaben da Anti Ta Buɗe

Auta ta fito daga wanka ta tarar da murafan kwalabenta goma sha biyu a jere kan teburin kicin, kowanne a kife kusa da kwalbarsa. Kek ɗin da ke ciki yana ta fitar da tururi.

Tun da sassafe take tsaye a kan wannan aiki. Ta tafasa kwalaben, ta shafe cikinsu da bota, ta zuba kwaɓi rabi-rabi, ta gasa. Tana fitar da kwalba daga tanda sai ta goge bakinta, ta ɗaure murfi da zafinsa, har yatsunta biyu suka ƙone suka tashi. Haka aikin yake. In kwalba ta huce a rufe, murfin zai lotsa ciki ya kama gam, kek ya jima lafiya lau. In iska ta shiga kuwa, kwana uku ya yi fumfuna.

Ga shi kwana biyar ne a mota zuwa garin da Mama, mahaifiyar Auta, take jinya. Tun da aka yi mata aiki a maƙogwaro ba ta iya haɗiyar abu mai tauri. A waya ta ce ba abin da take marmari sai kek ɗin Auta, ta jiƙa a shayi. Yayan Auta, direban babbar mota, shi zai kai, kuma ƙarfe biyu zai tashi. Yanzu ɗaya ta wuce.

"Wa ya taɓa min kwalabe?"

"Ni ce nan," in ji Anti daga falo. Yayar mijin Auta ce, ta zo kwana biyu, ga shi ta shiga mako na uku. Ta leƙo da kofin shayi a hannu. "Ki gode min, amaryarmu. Wa ya taɓa rufe abinci da zafi? Gumi zai yi ya lalace."

"Duka sha biyun, Anti?"

"Har da wadda ta ƙi buɗuwa. Sai da na sa wuƙa."

Auta ba ta taɓa ɗaga murya a gidan nan ba. Ko sallama ta yi, sai an ce ta maimaita. Yau muryar ta fito da kanta.

"Wa ya sa ki? Na ce wa ya sa ki? Kicin ɗinki ne?"

"Ikon Allah! Ni kike yi wa tsawa? Shekara ashirin ina girki kafin ki san bakin tukunya."

"Shekara ashirin kin taɓa gasa kek a kwalba?"

"To mayar da murafan mana, me ya yi zafi?"

"In mayar, in aika wa uwata ruɓaɓɓen abu tana kwance?"

Anti ta buɗe baki, sai ga ƙarar hon a waje. Direba ya shigo yana kaɗa makulli a yatsa.

"Auta, miƙo kayan Mama, mai kayan da na yi lodi ya dame ni da waya."

"Babu, Yaya. An lalata. Ka ba ni awa ɗaya da rabi."

"Awa me? Ke, mota ce fa, ba jaki ba. Sai wata tafiyar."

Wata tafiyar sai bayan wata biyu. Auta ta fizge makullin daga yatsansa, ta jefa a aljihun rigarta, ta juya ta kunna tanda.

"Ke! Kanki ɗaya kuwa?"

"Ka zauna. Ga kek nan sha biyu, ci har ka gaji."

Ta duba abin da ya rage: ƙwai uku, fulawa kofi biyu, guntun bota. Kwalba huɗu ke nan, in ta matsa. Ta kife huɗu a faranti ta girgiza, kek ɗin da ta ɓata safiya a kansa ya zube yana farfashewa. Ta wanke kwalaben, ta jefa su a ruwan zafi, ta kama buga ƙwai kamar shi ya yi mata laifi. Direba ya dubi Anti, Anti ta dubi rufin ɗaki. Wayarsa ta yi ƙara sau uku, ya ce wa mai kaya taya ce ta yi faci.

"Kawo in taya ki," in ji Anti, murya ta sauka.

"Kin taya."

Uku saura kwata Auta ta fitar da su. Ta goge baki, ta ɗaure murfi, ta naɗe kowace a tawul, ta jera a kwali. Da kanta ta ɗauka har mota, ta ajiye a ƙarƙashin kujera, sannan ta miƙa masa makullinsa.

"Huɗu ne. Ka ce wa Mama ta riƙa buɗe ɗaya-ɗaya. Kai kuma in ka taɓa murfi a hanya, zan sani."

"Ni da nake tsoron ko kallonsu in yi?"

Motar ta tashi. Auta ta tsaya har ta sha kwana, sannan ta koma ciki. Anti na zaune a kicin da cokali, ta ci rabin kwalba.

"Ya yi laushi kam," ta ce. "Sai dai sukarin ya ɗan yi yawa."

Auta ta ɗauki tsumma ta kama goge teburin da ƙarfi, har gwiwar hannun Anti sai da ta goge.