Ranar da Aka Kashe Ɗankande a Allo

Malam Ɗankande mai shanu ne a gefen Dungu, kuma waƙa ɗaya tak ya taɓa rubutawa, ta wata jar saniya da ta ɓace masa. Mujeeb, wani saurayi da ya gamo jami'a ya buɗe ajin adabi na ranar Asabar a unguwar Tishigu, shi ya roƙe shi waƙar don ɗalibai. Ya ba shi, ba da son ransa ba.

Sati bai zagayo ba Laila, 'yar ƙanwarsa da ke ajin, ta zo da labari. "Kawu, Masta Mujeeb ya ce marubucin ya mutu. Har a allo ya rubuta."

Ɗankande ya ajiye ƙwaryar nono. Mutum ba ya kashe ka da baki sai yana son abin hannunka. Yau a ce ya mutu, gobe waƙa ta fito da sunan wani. Asabar na yi ya hau babur.

"Kai Mujeeb, ga mamacin ya zo. Yaushe aka yi jana'izar?"

Ɗalibai suka ƙunshe dariya. Mujeeb ya miƙe. "Baaba, ra'i ne na nazarin adabi. Ma'anarsa, in rubutu ya fita hannun mai shi, ba a zuwa tambayarsa me yake nufi. Rubutun ake tambaya."

"To ku tambaye shi ina ji."

Wata yarinya, Zuleiha, ta ɗaga hannu. "Baaba, ni ban ga saniya ba. An ce ta tafi kudu, ta daina aiko gaisuwa. Saniya tana aiko gaisuwa? Ɗan'uwa ne."

Ɗankande ya juyo ya dube ta. Ƙanensa ya tafi Kumasi, can kudu, tun suna samari, bai sake waiwayo gida ba, kuma ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakin Ɗankande. Ya harari Laila. Ta rantse ba ita ba ce.

Ya koma kan Zuleiha. "Ke, wa ya gaya miki?"

"Baiti na huɗu, Baaba."

Ya daɗe yana duban yaran ɗaya bayan ɗaya, bai yarda da ko ɗayansu ba. Sannan ya ce da Mujeeb, "Ka riƙe waƙar, da sunana a kai. Amma baiti na huɗu, a cire shi."

"Baaba, duk sun haddace."