Duhun da Auta Ya Bari

Mai gyara ya juyo da fuskar kwamfutar Auta wajen mahaifiyarsa ya ce ta matso. Ta ja kujerar roba, ta ɗora jakarta a cinya. Ga taswirar nan: kogi kamar igiyar da aka yar, gari mai ganuwa, da dajin da Auta ya yi ta dasa wa itatuwa ɗaya bayan ɗaya, abinci na hucewa a gefensa tana yi masa faɗa. Amma fiye da rabin ƙasar baƙi ne ƙirin, kamar an kifa mata tukunya.

Dogo, abokin Auta tun suna 'yan makaranta, yana tsaye a bayanta. Shi da sauran abokansu ne masu cika mata falo duk ƙarshen mako. Sai su kewaye tebur, Auta na ba da labari, kowa da ɗan mutumin da yake tafiyarwa a kan taswira, suna jefa 'yan ludo suna musu kan dodanni kamar ba masu gemu ba. Ta sha korarsu. Tun da aka kai Auta makwancinsa teburin ya yi shiru, amma har yanzu in ta gifta ƙofar ɗakinsa sai ta ji ƙas-ƙas ɗin yatsunsa a kan madannai, ta tsaya, ta ji babu.

Dogo ya yi mata bayanin duhun. Ƙa'idar wasan ce: mai ba da labari kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashi, sauran sai sun taka wuri yake buɗe musu. Ba a leƙe.

Mai gyara ya ce kwamfutar ta kusa mutuwa, dole a kwashe kayan ciki, kuma manhajar zana taswira biyu ce a gabansu. Sabuwar tana da sauri, har a waya tana aiki, sai dai duhun ba ya bin taswira zuwa cikinta. Da an zuba, komai zai fito fili. Tsohuwar kuwa masu ita sun watsar da ita. Zai iya dasa ta a wata na'urar da duhunta, amma lambar sirrin da ke yaye shi gaba ɗaya ta tafi da mai ita. Taku-taku kawai za ta riƙa buɗewa, kuma ranar da ta lalace, abin da ba a gani ba ya tafi ke nan.

"Mama, mu ɗauki sabuwar," in ji Dogo. "Yau ɗin nan ki ga duk abin da ya zana. A buga miki babba, ki rataye a falo."

Zuciyarta ta so hakan. Ta gama shinshina rigunansa, ta haddace hotunan wayarsa, saƙon muryarsa na ƙarshe ma ta san inda yake tari.

Don ya nuna mata nawar tsohuwar manhajar, mai gyara ya tura wani ɗan mahayi taku ɗaya. Na'urar ta yi nishi. Duhun ya ja baya kamar faɗin tafin hannu, sai ga wani ɗan gida a bakin daji, da igiyar shanya, sandar gefe ɗaya a karkace an tokare ta da dutse.

Sandarta ce, wadda ta yi ta roƙon Auta ya gyara yana cewa gobe.

"Ja'irin yaro," ta ce a hankali. Ta sa bakin mayafi ta share ido. Mai gyara ya duƙufa neman wani abu a aljihun tebur.

Ta tambayi Dogo yaushe za su ƙare ƙasar in da wasa za a bi ta. Ya sosa ƙeya ya ce yadda suke tsayawa gardama a kowace mararraba, sai an yi shekaru, in ma na'urar ta kai.

Ta ce wa mai gyara ya sa tsohuwar. Dogo ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Ta ce su dawo falo ranar da suka saba, kuma a ƙara kujera ɗaya.

"Ke, Mama? Ai ba ki san kan wasan ba."

"Kai da shi aka haife ka? A cikin mutanen naku wa ya fi nawa?"

Dogo ya yi dariya. Ya ce akwai wani tsoho mai jaki da ba wanda ke so, in wasu sun yi taku uku shi ɗaya yake yi.

"To, shi za ka ba ni," ta ce.