Daga Goruba Zuwa Suri

Fannami ya sake ɗaga wayar sama, ya juya ta gabas, ya juya ta yamma kamar mai duban jinjirin wata, sannan ya sauke ya leƙa. Ɗan shuɗin layin nan yana nan inda ya bar shi. Kashi huɗu cikin ɗari. A ƙasa kuma wayar ta rubuta, ba kunya ba tsoron Allah, cewa saura awa goma sha ɗaya.

"Yaya, ya shiga?" in ji ƙanwarsa 'Yar'azumi daga bakin ƙofar ɗaki. Tun da aka idar da azahar ta yafa mayafi, jakarta a hammata.

"Yana shiga."

"Tun ɗazu ma haka ka ce."

"To ai tun ɗazun yake shiga. Zauna mana, tsayuwarki ba ta ƙara masa gudu."

Wayar tata ce. Bayanta ya kumbura, an ɗaure ta da kyauro, gilashin ya tsage ta kusurwa. A cikinta kuwa akwai abin da babu shi a ko'ina a duniya: bidiyon mahaifinsu, wanda ta ɗauka da rani kafin rasuwarsa, yana zagaya gonarsu ta shinkafa a fadamar ƙauyensu da ke bayan Kirikasamma, yana nuna iyaka. A fadama ruwa ba ya barin shaida. In ambaliya ta zo ta kwana biyu, sai ta share kunya, ta tuge gamba, ta bar fili sumul. In ta janye, kowa sai ya fito da iyakar da ke kansa. Maƙwabcinsu Muttaka mutumin kirki ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba, sai dai duk shekara tunaninsa kan matso da kunya ɗaya cikin gonarsu. Da Baba yana raye, gyaran murya kawai yake yi. Bana babu mai gyaran muryar.

Bidiyon kuma dogo ne, don Baba bai iya wuce mutum bai tsaya ya gaishe shi har kakanninsa ba. An gwada tura shi wayar Maijidda, matar Fannami, wayar ta ce ko an share duk bukukuwan da ke cikinta ba zai shiga ba. Babbar wayar Fannami tana wurin mai gyara a kasuwa tun da ta yi wanka a kwata, yanzu 'yar ƙarama mai madannai yake riƙewa. 'Yar'azumi kuwa ba za ta bar tata a Haɗeja ba, don ta nan masu sayen bandar kifinta ke samunta. Kuma yau za ta koma. Safiyanu direba ya riga ya faɗa: da la'asar zai tashi, ruwa ya fara tsallaka hanya, wannan ne sawunsa na ƙarshe sai abin da Allah Ya yi. Daga inda mota ta tsaya kuma sai kwalekwale. Fannami ya dubi wayar nan mai ɗaurin kyauro, ya hango ta a tsakiyar ruwa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, don irin wannan rana ya sayi rumbun. Rumbu yake kiransa, wani ɗan baƙin akwati da ya ɗauko daga Kano, wanda ke haɗiye hotuna da bidiyo ta iska, ba kebul ba komai. Cikinsa yake ta faman tura bidiyon Baba. Tare da shi ya sayo rauta, 'yar na'ura mai ƙaho biyu da ke watsa wayfai a gida. Wata guda ya yi yana wa abokan hirarsa lacca a kai. Ma'aikacin ofishin gona ne, rabonsa da riƙe fartanya tun yana da gashi a ka, amma in ana maganar adana bayanai, sai dai a yi shiru a saurare shi. Maijidda kan ce rumbun shi ne autan gidan, don shi kaɗai ake tambayar lafiyarsa da safe.

Kuma ba a ce ya yi sakaci da shi ba. Makon jiya, da aka ce kogi ya cika har ana jera buhunan yashi a kan jinga, ya yi abin da kowane mai hankali ke yi a garin nan: duk wani abu mai daraja a ɗaga shi sama. Da hannunsa ya naɗe rumbun da rautar a bargo, ya sa su cikin adakar Baba, tsohuwar akwatin ƙarfe da ya gada, wadda ta ga ambaliya iri-iri ko ɗigo bai taɓa shiga cikinta ba. Ya zaro wayar wuta ta wata kusurwa da murfin ya lanƙwashe, ya danna kwaɗo, aka ɗora ta can saman wadirof. Ranar har sai da ya ja da baya ya tsaya yana kallon aikinsa.

Yanzu ga shi tsaye a gindin wadirof ɗin, zufa na bin wuyansa.

Ya kashe wayfai ɗin wayar ya kunna. Ya kashe wayar gaba ɗaya ya kunna, ta ɗauki lokacinta kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma. Ya fita tsakar gida ya duba batirin sola, lafiya lau. Ya zare filogin da ke ba adakar wuta, ya karanta Ƙulhuwallahu, ya mayar. Aikin ya koma farko.

"Maijidda! Kashe wayarki, ita ke janye ƙarfin."

"Tana kashe, Malam," ta amsa daga madafa.

"Talabijin fa?"

"Kai ka kashe ta da kanka. Sai dai in murhun zan kashe."

'Yar'azumi ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Matar Yaya, kashe shi mana, ƙila hayaƙi ne ke tare hanya."

"Ke dai bari, uwar kifi. Ai tun da kika shigo da ƙaurin bandarki na san autanmu zai yi fushi."

Fannami ya koma kan wayar. Ya tuna rautar tana da hanya biyu, wata mai gudu wata mai nisa. Ya koma mai gudun, wayar ta ce ba ta ma ganta ba. Ya dawo mai nisan. Saura awa goma sha huɗu. Wato duk wahalar da ya sha, abin da ya samu shi ne ƙarin awa uku.

Ya ɗauko 'yar ƙaramar wayarsa ya kira Ahmed, wanda ya sayar masa da kayan a Kano. Hayaniyar kasuwa ta fara amsawa kafin mai shagon.

"Ranka ya daɗe, kun kashe kun kunna?"

"Har na gaji."

"Kuna nesa da rautar ne?"

"Ɗaki ɗaya muke. In na miƙa hannu ma sai in taɓa wurin."

"Babu bango a tsakani?"

"Malam Ahmed, na ce maka ɗaki ɗaya. Bangon me?"

"To wallahi abin da mamaki. Sai dai in za ku kawo shi in duba."

"In kawo Kano? Yanzu?"

"Ko jibi ma ba laifi."

Ya kashe wayar ba sallama, abin da ba halinsa ba ne. Daga masallacin unguwa aka kira la'asar. Ya yi sallar a ɗaki, a gurguje, kuma Allah Ya sani a raka'a ta uku zuciyarsa tana kan shuɗin layi. Yana sallamewa ya ji hon a ƙofar gida, dogo, irin na wanda ya riga ya yi lodi.

"Yaya, ka ba ni kawai," in ji 'Yar'azumi, murya ƙasa-ƙasa. "In Allah Ya kai mu bayan ruwa sai in dawo da ita."

"In ta kai bayan ruwan."

Ta gyara jakar da ke hammatarta. Ita ma ta san wayar da take riƙe da ita.

Nan ya tuna da wata dabara da wani ya taɓa faɗa a wurin hira, wadda a lokacin ya yi wa dariya har da tafa hannu: wai in aka sa murfin tukunya a bayan waya, yakan tattaro ƙarfin ya haɗa wuri ɗaya. Ya leƙa ya ga ba mai kallonsa, ya zaro murfin babbar tukunyar Maijidda, ya dawo ɗaki ya tallabe wayar da shi kamar mai miƙa goro. Yana cikin haka Maijidda ta shigo tana goge hannu.

"Malam, ba ni makullin adaka. Atamfar da na ajiye wa 'Yar'azumi tana ciki, kada ta tafi ba ita."

Ya ciro makullin ya miƙa mata, idonsa bai bar gilashin ba. Ya ji ta jawo kujera, ta taka, kwaɗo ya yi ƙara, murfin ƙarfe ya yi kuka.

Sai layin ya zabura. Goma sha biyu. Ashirin. Talatin da ɗaya.

"Allahu Akbar!" Fannami ya daka tsalle, murfin tukunya a hannu. "Kun gani? 'Yar'azumi, zo ki ga ilimi! Ai abin lissafi ne, sai an karkato shi daidai..."

Maijidda ta ciro atamfar ta mayar da murfin adaka, garam. Layin ya tsaya cak.

Ya karkata murfin tukunyar dama. Ya karkata hagu. Ya durƙusa, ya miƙe, ya koma daidai inda ƙafarsa take ɗazu. Ko motsi. Waje kuma hon ya sake tashi.

"Af, na manta turaren," in ji Maijidda daga kan kujera, ta sake ɗaga murfin. "Kai! Malam, bargon nan zafi kamar an sauke burodi. Autan naka ba ya shan iska ne?"

Layin ya sake zabura. Arba'in. Arba'in da takwas.

Fannami ya ɗaga kai a hankali. Ya dubi adakar, ƙarfe ta sama, ƙarfe ta ƙasa, ƙarfe ta kowane gefe. Ya dubi ƙahon rautar guda ɗaya da ya leƙo daga cikin bargo kamar mai neman ceto. Sannan ya dubi murfin tukunyar da ke hannunsa, ya ajiye shi a kan gado a hankali, yadda ba zai yi ƙara ba.

"Kada ki rufe," ya ce.

"Ai ba ya tsayuwa da kansa, sai an riƙe. Ni kuwa miyata na kan wuta."

Haka aka yi Safiyanu direba, da ya gaji da hon ya yi sallama ya shigo da faɗa a bakinsa, ya tarar da babban ma'aikacin ofishin gona tsaye a kan kujera, ya tokare murfin adaka da tsakar kansa, waya a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana yi wa bargo fifita.

"Alhaji, lafiya?"

"Aiki muke. Ka ba ni ɗan lokaci."

Kafin Safiyanu ya gama lissafa fasinjojin da ke zaginsa a mota, wayar ta yi 'yar ƙara. Ya shiga duka.

Fannami bai yarda ba sai ya gani. Ya sa aka tokare murfin da muciya, ya sauko, ya kunna talabijin, ya nemo bidiyon daga cikin rumbun. Tun da aka ɗauke shi bai taɓa zama ya kalla ba, kullum yana cewa sai ya sami natsuwa.

Sai ga Baba, da malafarsa da sandarsa, yana tafe a busasshiyar fadama. Safiyanu ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba." Tsohon ya tsaya, ya juyo ya dubi mai ɗauka.

"Kin kunna? To ki ɗauka da kyau ki kai wa yayanki. Na ce ya zo, ya ce suna da taro." Ya yi 'yar dariyarsa ta gefen baki. "Shi gona a gilashi yake ganinta. To Fannami, ga ta nan. Daga gorubar nan, ka miƙe sak, har surin can."

Ya nuna da sanda. Hoton ya bi sandar yana rawa. Goruba ce, ga wata a bayanta, ga wasu can gefe, duk kansu ɗaya kamar 'yan gida ɗaya. Fannami ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya mayar da hoton baya, ya sake kallo. Ya san sunan gorubar da Turanci, ya san irin ƙasar da take so. Wacce ce tasu a ciki, wannan ne bai sani ba.

'Yar'azumi ta karɓi wayarta ta cusa a jaka, tana share ido da bakin mayafi. "Surin ma ban sani ba ko zai kai baɗi," ta ce. "Bara da ƙyar ya sha."

"Ruwa ya kai wurin?"

"Jiya da na fito dai da saura."

Fannami ya sake duban surin da ke gilashin. Sannan ya sunkuya ya jawo takalmin robarsa daga ƙarƙashin gado, ya buga shi a ƙasa, ƙura da wani gizo-gizo suka fito.

"Safiyanu, akwai wuri?"

"Sai dai but, can bayan mota, Alhaji, tare da kwandunan kifi."

"Ya isa."

Maijidda ta biyo shi har zaure da hularsa a hannu. "To adakar fa? In rufe, ko in bar muciyata a can?"

Ya karɓi hular ya sa, ya ɗan taɓa inda murfin ya yi masa shaida a ka.

"Bar shi ya sha iska," ya ce. "In ruwa ya kai saman wadirof, ki kira ni."