Sunan Baba a Layi Ɗaya

Saura minti arba'in a nuna wa ƙungiyar masu nono sabuwar manhajarsu, Muktar ya faɗo ofis yana haki.

"Juwairiyya, Baba ya ce a cire sunansa."

Matar tasa ta ɗago daga kwamfuta. Wata huɗu tana gina manhajar nan, aikin farko da aka damƙa mata ita kaɗai. Sunan surukinta aka sa wa manhajar, Alhaji Hammajoda, shugaban ƙungiyar.

"Yanzu?"

"Yanzu. Wai ba zai yarda kowa ya riƙa dangwala sunansa a waya ba. In ba a cire ba, ba zai zo taron ba. Kin san in bai zo ba, babu mai zuwa."

Obadiya, abokin aikinta, ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. "Madam, mun shiga uku. Sunan yana shafin farko, yana cikin saƙonni, yana jikin fayil. Ya fi wuri talatin! Wancan karon kwana biyu na yi ina farautar tsohon sunan wata makaranta, ƙarshe sai da ya ɓullo a katin sakamako."

"Zauna, kana sa ni jiri."

Ta buɗe fayil ɗin saiti, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya.

"Ni da ba na iya faɗin sunan surukina, ka ɗauka zan rubuta shi sau talatin? Tun ranar farko na sa maigida ya rubuta shi sau ɗaya a nan. Fayil ɗin haɗa manhaja da sauran wurare SUNAN_BABA kawai suke kira, su zo nan su ɗauka." Ta juya ga mijinta. "Wane suna yake so?"

Muktar ya sosa ƙeya. "Na takwarar Inna."

'Yarsu ta fari kenan, mai sunan mahaifiyarsa. Juwairiyya ta janye hannu daga kwamfutar.

"Wace ce kuma?" in ji Obadiya. "Saura minti talatin fa!"

"Ummi," suka ce tare.

"To in rubuta Ummi?"

"A'a! Kiranta muke yi da shi, ba sunanta ba ne."

Ya dube ta, ya dubi mijin, duk sun sunkuyar da kai. Ya tuna sunan da ke rubuce a kan kek ɗin zagayowar haihuwar yarinyar da suka kawo ofis bara.

"Humaira?"

Juwairiyya ta tura masa kwamfutar.

Ya rubuta, ya danna. Suna cikin keke mai ƙafa uku, a hanyar Fadaman Mada inda za a yi taron, manhajar ta gama haɗuwa. Ta buɗe ta a waya, ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya.

"Kira Baba," ta ce wa Muktar. "Ka ce ya taho."