Jar Wayar Kalilu

Girman kai rawanin tsiya ne, kuma shi ya ci Alhaji Lawal.

A shekarun da kuɗin fetur suka cika ƙasa, Alhaji Lawal na da injin matsar man gyaɗa a Jibiya, kan hanyar Magama. Jikin bango akwai wani tsohon allon ƙarfe mai wayoyi birjik, shi ke ba injin umarni ya tashi ko ya tsaya. Shekara goma sha huɗu Kalilu, mutumin Maraɗi, na kula da shi.

Alhaji ya je Kaduna ya ga sabon akwati wanda ake zuba wa umarni ya riƙe da ka. Ya saya, ya taho da wani injiniya baƙo da ba ya jin Hausa. Injiniya ya shimfiɗa takardar da Turawa suka zana wa tsohon allon, duk abin da ke cikinta ya kwafe ya zuba wa akwatin.

Kalilu ya matso ya ce, "Alhaji, jar wayag ga ba ta cikin takarda, ni na ɗaura ta da hannuna. In an buɗe murhin bakin inji, ita ka tsai da shi. Ka hwaɗa mishi."

Injiniya ya tambaya da Turanci me tsohon ke cewa. Alhaji ya ji kunyar a ce ɗaurin wanda bai yi boko ba ke tafi da injinsa. Da guntun Turancinsa ya ce ba kome, gaisuwa ce. Ya juyo ya ce, "Na faɗa masa, Malam Kalilu. Akwatin nan ya fi ni da kai kwanya."

"To, madalla," in ji Kalilu. Da kansa ya taya aka kwance allon.

Sabo turken wawa. Ma'aikatan sun saba, in gyaɗa ta toshe bakin inji sai a ɗaga murfi, injin ya yi tsit, a zura hannu a yaye. Rana ta uku da hantsi gyaɗa ta toshe. Nagoggo, ƙanen Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya, mai 'ya'ya huɗu, ya ɗaga murfi ya zura hannu bai ko duba ba. Injin bai tsaya ba.

Alhaji na ofis ya ji ihun, kuma kafin ya miƙe ya san abin da ya faru. A hanyar asibitin Katsina kan Nagoggo na bisa cinyarsa, yana ta cewa, "Yaya, ai na buɗe murfin."

Kalilu bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Ka hwaɗa mishi?" Alhaji ya sunkuyar da kai. Washegari Kalilu ya ƙetare iyaka, bai sake waiwayo Jibiya ba.

Ga abin da Alhaji Lawal ya rasa: hannun dama na ƙanensa, tun daga kafaɗa. Kalilu, amininsa. Injin, don babu ma'aikacin da ya yarda ya ƙara kusantarsa. Sai mahaifiyarsu Hajo, wadda har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake amsa gaisuwarsa ba.