Ranar da Gansakuka Ta Ƙoshi

Duk Toranke an san 'yar Malam Inuwa ta yi karatu, amma ba wanda ya yarda karatun ya amfane ta. Ta yaya za a ce mutum ya kwashe shekaru a jami'a, ya dawo yana kiwon gansakuka? Abin da mata ke sa soso su kankare a gindin randa, shi Bara'atu ta tara a manyan kwalabe takwas a bayan rumbun mahaifinta, tana lallaɓa shi kamar jinjiri.

Ita kuwa ta san abin da take yi. Gansakukar nan, in aka toshe bakin kwalbarta ruf, aka kuma hana ta farar wuta, wadda take cikin abincinta, sai wahala ta sa ta fara fitar da iskar haidurojin. Iska ce mai kama wuta, ba hayaƙi, ba toka. Shekara biyu Bara'atu tana zirga-zirga tsakanin gida da makarantar da take koyarwa a Gaya kafin abin ya amsa mata. Ranar da balan-balan ɗin da ta ɗaura a bakin tiyon kwalaben ya kumbura, ta ƙyasta masa ashana ya yi fat, zama ta yi a ƙasa ta sha kukanta.

Sai a wasiƙa ta bakwai da ta rubuta wata cibiyar bincike a Kano ta kula ta. Za su turo mutum biyu ranar Alhamis. Gurbi ɗaya gare su, masu nema rututu. In sun ga wuta su ɗauke ta aiki har da kwalabenta, in ba su gani ba su wuce gaba, don ba sa zuwa gari ɗaya sau biyu.

Saura mako guda ta sauya wa kwalaben ruwa, ta fara horon yunwar. Ran Asabar gansakukar ta soma kodewa, abin da ake so ke nan. Malam Inuwa, wanda bai taɓa furta kalma ɗaya mai daɗi a kan aikin nan ba, ya zo wucewa da fartanya a kafaɗa, ya tsaya ya ƙura wa kwalaben ido.

"Abar taki ba ta da lafiya," ya ce.

"Lafiyarta lau, Baba. Yunwa nake sa mata, da ita take aiki."

"Yunwa?" Ya girgiza kai. "Shekara hamsin ina noma, ban taɓa ganin abin da yunwa ta sa ya yi yabanya ba."

Ta yi dariya ta bar zancen. Da ta san hali, da ta zaunar da shi ta yi masa bayani har rana ta faɗi. Washegari ta koma Gaya, mako ne na jarrabawa, ba damar tsallakewa.

Da hantsin Alhamis ta sauka daga mota a Ajingi, ta hau babur zuwa gida, ko mayafi ba ta cire ba ta zagaya bayan rumbu. Nan ta tsaya cak. Kwalabe takwas sun yi kore shar, irin koren da ba ta taɓa gani ba, balan-balan kuwa ya yi laƙwas a bakin tiyo.

"Kin gani ko?"

Mahaifinta ne a bayanta, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, fuskar nan fal da murna.

"Tun ranar da kika tafi na ce ba za a yi mana baƙi daga Kano su tarar da abu a kwance ba. Takin sufan da na ɓoye wa gyaɗa na ɗiba, na jiƙa, na tace, na zuba wa kowace kwalba ludayi guda. Kwana biyu ta miƙe."

Takin sufa, wanda cike yake da farar wuta. Ya buɗe kwalaben iska ta shiga, ya kuma ciyar da abin da aka yi kwanaki ana horarwa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma da zuciya ɗaya aka yi shi. Bara'atu ta buɗe baki, ta dubi hannayen tsohon da suka sha fartanya, ta tuna bana da ƙyar ya samu tiya biyu ta takin nan. Sai kawai ta yi masa sannu da aiki.

Baƙin suka iso bayan azahar, wani dattijo mai tabarau da wata mata mai littafi a hannu. Suka duba kwalaben, suka taɓa balan-balan ɗin. Bara'atu ta juya harshe zuwa Turanci don kada mahaifinta ya ji, ta roƙe su su ba ta kwana goma ta sake shiri.

"Malama, kowa haka yake ce mana," in ji matar, ba da wulaƙanci ba, da gajiya. "Ran Litinin za mu miƙa suna."

Suka sha furar da aka dama musu, suka yi godiya, suka shiga mota. Malam Inuwa ya raka su har bakin hanya yana ta sa musu albarka, sannan ya dawo da sauri kamar saurayi.

"Na ga mai tabarau ya daɗe yana kallo. Sun ga yadda ta yi kyau ko?"

"Sun gani, Baba."

"To yaushe suka ce ki je?"

"Sun ce za su kira."

Ya gyaɗa kai, ya shafa kwalbar da ke kusa da shi a hankali.

"Madalla. Kafin su kira zan ci gaba da zuba mata, akwai sauran takin. Gyaɗa ta yi haƙuri bana."

Bara'atu ta ce to. Ta sunkuya ta kwance balan-balan ɗin daga bakin tiyo.